Idan Jijiyar Jini Ta Toshe, Me Ke Faruwa Da Ƙashi?

  Mai daka ta ɗan sassauta taɓarya, mai saƙar hula ta ci gaba da abinta, ai ba da hannu ake saurare ba.

Abin da ya jawo maganarmu ta yau wata wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta sa aka rubuto mana daga wajen Getso. 'Yarta ce, shekararta 19, mai amosanin jini, wato sikila. An yi mata aure bara. Tun kafin bikin take kukan ciwo a matsematsinta na dama, wani lokacin kuma a gwiwa. Yanzu ta fara ɗingishi, ba ta iya tsugunno wajen wanke-wanke, zaman tahiya ma sai ta miƙe ƙafa. An kai ta wajen mai ɗori har sau biyu, ya ce gocewa ce, ya ja, ya murza, ya ɗaure. An yi mata ƙaho. Dangin miji kuma sun fara cewa lalaci ne, wasu su ce jifa ne. Uwar ta ce, "Ni dai na san ciwon sikila yana zuwa ne ya tafi. To wannan wane iri ne da ya zo ya zauna?"

Baba, tambayarki ta yi ma'ana ƙwarai, kuma amsarta tana cikin wani abu da yawancinmu ba mu taɓa tunaninsa ba. Mu dai ƙashin da muka sani shi ne wanda muke gani a cikin miya, ko wanda kare ke ja a bakin bola, busasshe kamar itace. Amma ƙashin da ke jikin mai rai ba haka yake ba. Yana ci, yana sha, kullum yana rushe tsohon ɓangarensa yana gina sabo. Akwai 'yan ƙananan jijiyoyin jini da ke ratsa shi su kai masa abinci da iska. A cikinsa akwai ɓargo, inda ake ƙera jinin kansa. A bayansa kuma akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe shi kamar yadda fata ta lulluɓe jiki, kuma wannan tantanin yana jin zafi sosai. Shi ya sa in kin buge ƙwaurinki da turmi sai kin ga taurari.

Bari in ɗan tsaya a nan. Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga abubuwa uku: da wadda jini ke bi, da wadda ke kai saƙon ji da motsi, da mai tauri irin ta agara. Duk inda na ce jijiya yau, ta jini nake nufi, wadda take kamar bututu.

To, a jikin mai sikila, ƙwayoyin jininta jajaye ne ke da matsala. Lafiyayyar ƙwayar jini kewayayya ce mai laushi, tana lanƙwasawa ta wuce ta kowace 'yar siririyar hanya, kuma tana yin kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa, da zarar iska ta yi mata ƙaranci sai ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta bayanin waɗannan ƙwayoyi masu kama da lauje a 1910, bayan an duba jinin wani ɗalibi baƙar fata. Amma kakanninmu sun san ciwon tun kafin nan, ai ba su rasa sunan da suka ba shi ba.

A da, ana ɗauka toshewa ce kawai, kamar yadda kara da ganye ke cushe wuriya ruwa ya ƙi fita. Yanzu likitoci sun gano abin ya wuce haka. Waɗannan ƙwayoyin suna da danƙo, suna mannewa a bangon jijiya, suna goge shi, kuma in sun farfashe abin da ke cikinsu yana ƙara ɓata bangon. Sai jijiyar ta zauna cikin kumburi shekara da shekaru, ko a ranakun da yarinya take wasanta lafiya lau. Wato sikila ciwon jini ce, kuma ciwon jijiyoyin jini ce. Ƙashi kuwa yana cikin waɗanda suka fi shan wahalar wannan.

Abin yana fara nuna kansa tun a goye. Jariri yakan zo duniya da wani irin jini na cikin ciki wanda ke kare shi, sai wajen wata shida wannan jinin ya ja baya. Daga nan zuwa shekara biyu ko uku za ki ga bayan hannu ko bayan ƙafar yaro ya kumbura suntum, da zafi, yana ta tsala kuka in an taɓa. Sau da yawa wannan ce alamar farko. Ƙananan ƙasusuwan hannu da ƙafa ne jini ya yanke musu. Don Allah in kin ga haka kada a tsaga, kada a yi sakiya. A kai shi a gwada jininsa. Wani yaron, in ƙwayar cuta ta samu shiga wurin, yatsa ɗaya yakan tsaya da girma, ya tashi da shi gajere har tsufansa.

Akwai kuma canjin kamanni. Da yake jinin yana saurin mutuwa, ɓargo ba ya hutawa, dare da rana yana ƙera sabo, har ya faɗaɗa ya tura ƙashin da yake ciki. Shi ne za ki ga goshin wasu ya turo, ko muƙamuƙin sama ya yi gaba haƙora sun fito. A ƙashin baya kuma tsakiyar kowane gaɓa yakan lotsa. Ba maita ba ce, ba kuma wai uwa ta tsallaka wani abu da ciki ba ne.

Yanzu mu zo kan kwatangwalo, inda 'yar mai wasiƙarmu take. Ki kwatanta shi da turmi da taɓarya. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu yana juyawa. Duk nauyin jikinki a kansa yake sauka. Amma hanyoyin da ke kai wa wannan mulmulallen kai jini 'yan kaɗan ne, kuma in sun toshe babu wata ɓarauniyar hanya da jini zai zagayo ta ita. Sai wani yanki na ƙashin ya mutu a tsaye. Da farko siffarsa ba ta canzawa, kamar azarar da gara ta cinye ta ciki, a ido lafiya lau. Ana ci gaba da taka shi, ana ɗaukar tulu, ana goyo, wata rana sai saman ya rufta. Kan da yake mulmulalle ya baje, ya riƙa gogar gurbinsa, ƙafar ta gajarce, ɗingishi ya zauna. Binciken likitoci ya nuna kusan rabin masu sikila mai nau'in SS suna samun wannan kafin su kai shekara 35, kuma masu SC ma, waɗanda ciwonsu ya fi sauƙi, ba su tsira ba. Yakan kama ɓangare biyun, yakan kuma kama kafaɗa.

Ga bambancinsa da tashin sikila da kuka saba. Tashin sikila yana zuwa da ƙarfi, ya yi kwanaki, ya lafa. Wannan kuwa a hankali yake shigowa, wuri ɗaya yake zama, tafiya da tsayuwa suna ƙara shi, kwanciya tana rage shi, sai daga baya ya hana barci ma. Sannan yana da yaudara: ciwon yana kwatangwalo amma a gwiwa ake jin sa. Mata da yawa sun shekara suna shafa man zafi a gwiwar da lafiyarta ƙalau. In 'yarki mai sikila ta ce gwiwa, ki lura da yadda take buɗa ƙafa, da yadda take tanƙwashewa in za ta zauna a tabarma, da yadda take hawa dokin ƙofa.

Ni ba na raina masu ɗori. Akwai karayar da suka ɗora ta kama, kowa ya sani. Amma nan babu abin da ya goce balle a mayar, babu abin da ya karye balle a haɗa. Ƙashi ne ya rasa jini. Ja da murza ba abin da za su ƙara masa sai saurin ruftawa. Ƙaho da tsaga kuma jini suke zubarwa a jikin da dama jinin bai ishe shi ba, su kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin saifar mai sikila takan daina aiki tun tana ƙarama, kuma mataccen ƙashi wurin kwanan ƙwayar cuta ne. Akwai wata mai suna salmonela, 'yar gidan su ƙwayar taifot, da ke shiga ta gurɓataccen ruwa da abinci, ta bi jini ta sauka a ƙashin mai sikila ta tara mugunya. In ciwon ƙashi ya zo da zazzaɓi mai zafi da kumburi wuri guda, ko wani ɗan rami ya ɓulle yana tsiyayar ruwa ya ƙi warkewa, wannan ba na jira ba ne, ko da dare ne.

Me za a yi? A fara da babban asibitin Gwarzo ko asibitin da ya fi kusa, a gaya wa likita a fili: tana da sikila, ga inda ke ciwo, ga tsawon lokacin. A roƙi a yi hoton kwatangwalo duka biyun. Sai dai ku sani, a farkon ciwon hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito kamar ba komai. In an ce hoto lafiya amma ciwo bai daina ba, kada a koma gida a ce ai dama raki ne. Na'urar MRI tana ganin abin tun kafin ƙashi ya rufta, kuma saboda irin wannan ne ake tura mutum Kano, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Ƙashi na Dala, wanda tun 1959 aikinsa ke nan. In an kama shi da wuri, akan ba da sandar dogarawa don a rage wa ƙafar nauyi, a koya wa mutum motsa gaɓar yadda ba za ta ƙage ba, wani lokacin a yi ƙaramin aiki a huda ƙashin don a rage matsin da ke ciki. In ya riga ya rufta, sai dai a canza gaɓar da ta ƙarfe. Ana yin wannan aikin a Dala, mutane suna miƙewa su yi tafiyarsu, amma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Kuɗin motar Gwarzo zuwa Kabuga yau ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Maigida, na san kana jin mu ta bakin zaure. Matar da ke cikin kulle ba za ta fita ba sai da izininka, kuma ba za ta iya zuwa Dala da kuɗin ƙuli-ƙuli ba. Amaryar da ta ce ba ta iya tsugunno, ka bincika kafin ka yarda da masu cewa son jiki ne. Sandar ma, na san budurwa ko amarya za ta ce kunya take ji a gan ta da ita. A cikin gida wa zai gan ki? Uwar miji ma a daure a ɗauke mata ɗaukar ruwa da daka. In kuma ciki ya samu, awo ya zama dole tun watannin farko, a kuma gaya wa ma'aikatan awo maganar kwatangwalon, domin su san yadda za su shirya wa haihuwar. Mai sikila ba a gida ya kamata ta haihu ba.

Sauran kulawar kun san ta: ruwa da yawa, musamman a bazara, rufe jiki da hunturu da kauce wa wanka da ruwan sanyi, gidan sauro, folik asid kullum da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta. Akwai kuma haidiroksiyuriya, mai rage yawan tashin ciwon. A nan Kano aka yi wani babban bincike a kansa tare da likitocin jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2022, kan yadda yake kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Amma ba ya tayar da ƙashin da ya riga ya mutu, kuma ba a shan sa sai da likita da gwajin jini a kai a kai. Abin da nake jin tsoro shi ne ƙwayoyin kashe zafi na kemis da ake haɗiya kullum kamar gyaɗa, suna cin ƙoda da tumbi, da allurar nan ta kashe zafi da wasu ke koyon yi wa kansu a ɗaki har ta zame musu jaraba, cinya ta ƙage ta yi gyambo.

To, ba sikila kaɗai ke haɗa jijiya da ƙashi ba. Akwai wasu cututtuka, ba su da yawa ko kaɗan, inda garkuwar jiki da kanta take juyowa ta far wa bangon jijiyoyin jini ta kumbura su. Na kawo su ne don wata tana iya cewa, ni AA ce, wannan magana ba tawa ba ce.

Ɗaya ita ce wadda likitoci ke kira poliyataraitis nodosa. Wasu likitocin Jamus biyu, Kussmaul da Maier, suka bayyana ta a 1866 a jikin wani tela ɗan shekara 27, inda suka tarar da 'yan ƙulla-ƙulla jere a kan jijiyoyinsa. Tana zuwa da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, da rama, da ciwon tsoka, da ƙuraje masu tauri da zafi a ƙarƙashin fatar ƙafa, da gyambo, da dindiris ko saki a tafin ƙafa, da ciwon ciki bayan cin abinci, da hawan jini. Abin mamakin shi ne abin da takan yi wa ƙashin wasu 'yan kaɗan daga masu ita. A sikila ƙashi mutuwa yake ya rufta. A nan kuwa ƙaruwa yake. Wannan tantanin da na ce ya lulluɓe ƙashi, in jijiyoyin da ke kusa da shi suka kumbura, sai ya shiga gina sabon ƙashi a kan tsohon, kamar mai yaɓe da ke ta ƙara laka a katangar da ba ta tsage ba. Yawanci a ƙwauri ne. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, a hoto a ga ƙashin ya yi kauri da gargada. Yakan rikita har likitoci, su zaci mugunya ce a ƙashi ko ciwon daji, sai an yanki ɗan nama an duba sannan gaskiya ta fito. In aka yi maganin kumburin jijiyar, zafin yakan kwanta. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye: tun 1970 aka gano cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya tayar da wannan cuta, ciwon hanta kuwa muna da shi a ƙasar nan ba kaɗan ba. Allurar rigakafinsa ta shiga jerin na jarirai a Nijeriya a 2004, kuma ta farko a ranar haihuwa ake so a yi ta. Wadda ta haihu a gida, kada a ce sai an yi suna, balle sai an yi arba'in.

Ta biyun sunan wani likitan ido na ƙasar Japan ta ci, Takayasu, wanda ya ba da labarinta a 1908. Ita manyan jijiyoyin da suka fito daga zuciya take kamawa, kuma mata matasa ta fi so, 'yan ƙasa da shekara 40. Hannu ya riƙa saurin gajiya wajen daka ko tsefe kai, jiri, a nemi bugun jini a wuyan hannu ɗaya a rasa, ko awon jini na dama ya bambanta da na hagu sosai. In kina da irin wannan, ki ce a auna miki hannu biyun.

Maganin waɗannan biyun ya haɗa da firedinisolon da 'yan uwansa, masu kwantar da kumburi. Suna ceton rai. Amma ku ji wani abu: su kansu waɗannan magunguna, in an daɗe ana sha, suna sa ƙashi ya yi fuyau kamar ɓawon gyaɗa, kuma suna iya kashe kan ƙashin cinya daidai irin yadda sikila ke yi. Shi ya sa likita ke auna su, yana ragewa a hankali, yana haɗawa da abin da zai kare ƙashi.

Ban kawo wannan a banza ba. Ƙwayoyin ƙiba da dillalai ke shigo mana da su har ɗaka, waɗanda ake kira sha ka fashe, ake ɗura wa amare kafin biki don su ciko, da yawansu deksametason ne a ciki, ɗan gidan su firedinisolon, har ya fi shi ƙarfi. Kumatu su cika, ciki ya turo, a ce amarya ta yi kyau. Ba ƙibar lafiya ba ce, ruwa ne da kitse suka taru inda bai kamata ba, ga hawan jini da ciwon suga suna biye. Mace mai jinin AA garau tana iya wayar gari da mataccen kwatangwalo saboda su. Mai sikila kuwa, da yake yawancinsu sirara ne, su aka fi matsa wa su sha, alhali su ne ya fi yi wa illa, don yana iya tayar musu da ciwon ma. Ina so Baba mai wasiƙa ta tambayi 'yarta a hankali, ba da faɗa ba, ko an ba ta wani abu lokacin gyaran jiki, kuma in an ba ta a gaya wa likita. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, jiki yakan saba har ya daina ƙera nasa, yankewa farat ɗaya tana iya kayar da mutum. Ta je asibiti a janye mata shi sannu a hankali.

Saura maganar da ba a so, ta gwaji kafin aure. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar nan. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ku lura, kowane ciki na ce. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran ukun sun tsira ba. Wata ta haifi biyar ba ko ɗaya, wata uku a jere. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da na nau'in jini da na ciwon hanta. Shawarata ita ce kada a bari sai an kawo lefe an sa rana, lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga gida biyu. A gwada yara tun suna ƙanana, a wurin gwaji na ƙwarai, uwa ta adana takardar a ƙasan adakarta tare da katin rigakafi.

Baba ta wajen Getso, a kai yarinyar nan hoto cikin makon nan, kwatangwalo biyun, a tafi da duk magungunan da take sha a leda a nuna wa likita. Kafin nan ta daina ɗaukar kaya, ta samu kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsayi ta riƙa zama a kai wajen aiki. Allah ya ba ta lafiya. Sai mun ji daga gare ki.